Bihi Mai Akumari da Katakon Zamiya

A Ukaimedan, ƙauyen kan dutse da ke sama da Marrakesh, in ƙanƙara ta sauka kowa gwani ne. Wanda jiya yake bin tumaki yau malamin koyar da zamiya a kan ƙanƙara ne, mai sayar da ƙwai kuma ya baje tsofaffin takalma a bakin hanya yana ba mutanen Marrakesh haya. Amma duk a cikin gwanayen nan ba a taɓa yin kamar Bihi mai akumari ba, kuma Allah ya sa kada a sake.

Ɗinkin akumarin alfadarai Bihi ya gada, kuma ya iya, wannan ba mai ƙwace masa. Abin da ya lalata shi hunturu uku ne da ya yi a Faransa yana saurayi. A faɗarsa, babban shagon gyaran katakon zamiya ya riƙe a can, Turawa na bin layi tun da sassafe. Matarsa Ittu, wadda ta ga hannuwansa ranar da ya dawo, ta ce ita dai ba ta san aikin katako na sa yatsu su yi fari su riƙa warin sabulun wanke kwanuka ba.

To, akwai rumfa ɗaya a gindin kujerun waya masu hawa da mutane kan dutse. Ma'allam Hammu ke cikinta shekara talatin da ɗoriya, shi ke kafa maɗauri, wato ƙarfen nan da ke cafke takalmi goshi da dunduniya a kan katako. A hunturun da nake ba ku labari yanar ido ta rufe masa gani, ɗansa ya ce zai sauka da shi birni. Rumfar ta jama'ar ƙauye ce, don haka bayan sallar Juma'a dattawa suka zauna a kan wa za a miƙa wa makulli. Kowa ya san amsar, domin shekara biyar ke nan Tuda, 'yar Ma'allam Hammu, ce idonsa kuma ita ce hannunsa. Sai dai kafin a ambaci sunanta Bihi ya miƙe, ya gyara jallabiya.

"Jama'a, kada mu ba kanmu kunya. Baƙo ya taso daga ƙasar waje ya tarar da mace riƙe da injin huda? Ga ni nan zaune. Abin da na manta a wannan sana'a ya fi abin da wasu suka koya."

"Abin da ka manta kam yana da yawa, Dadda Bihi," in ji wani daga baya. Dadda dai shi ne yadda ake kiran babba a can.

Ma'allam Hammu bai yi musu ba. Ya ce akwai sabon katako ƙafa biyu-biyu har kashi biyu a rumfa, ba a taɓa huda su ba. A ba Tuda kashi ɗaya, a ba Bihi ɗaya. Lahadi ta sama kowa ya kawo aikinsa gaban jama'a, kuma a bi al'adar masu akumari, wanda ya ɗinka shi ke fara zama a kai. Wanda ya sauko daga tudun tsakiya ya tsaya a ƙofar rumfa da ƙafafunsa, makulli nasa ne.

Bihi ya ce ya yarda tun kafin tsohon ya rufe baki. Ƙarshen maganar ma bai ji ba, don ya riga ya juya yana gaya wa liman yadda wani Bafaranshe ya taɓa sumbatar hannunsa.

Injin huda ne ba shi da shi. Ƙanin matarsa, Assu mai miyar wake, yana da wani da ɗansa ya aiko masa daga Kasablanka, yana rataye a bango ba abin da ake yi da shi. Bihi ya ja alfadararsa Zina ya kai masa, ya dawo da injin a hammata.

Ittu na tsugune tana murza garin kuskus ta ɗago. "Ina Zina?"

"Mun yi musaya."

"Da wannan abin?"

"Ke ba ki san zamani ba. Wannan ba ya cin sha'ir."

"Ba ya kuma ɗauko itace. Gobe sai ka hau shi ka je rafi."

Washegari Tuda ta kawo masa katakon da kanta, da maɗauran a jaka, da wani dogon ƙarfe mai ramuka a kafaɗarta. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce babanta ya ce a ara masa ma'aunin, don ramukan su fita daidai.

"Mai da shi, 'yar nan. Makaho ke neman sanda. Ni idona ne ma'auni."

Ta haɗiye maganar, duk da ta san da wa yake. Ta juya katakon ta nuna masa wani ɗan siririn layi a gefe.

"Dadda Bihi, ga layin da masu ƙira suka ja. Takalmi ma yana da nasa a tsakiyar tafi. Layi kan layi ake sawa. In mutum mai shiga ƙanƙara mai zurfi ne, a ja baya kamar faɗin yatsa. In irin samarin nan ne masu juyi da tafiya da baya, a matsa gaba yatsa biyu. Ban da haka ba a taɓawa."

"Wanda ya ja layin nan ya taɓa ganin dutsenmu?"

"Ban sani ba."

"Ya taɓa saukowa da alfadari ɗauke da buhu biyu na gishiri ta gangaren Tizi?"

"Da wuya."

"To. Ki saurara, kyauta zan ba ki. Katako dabba ce. In za a gangara, ina ake ja da kaya? Baya. A ɗaure igiyar wutsiya tamau, don kada kaya ya zamo wa dabba a wuya. Shi wannan abin ban da gangara me yake yi? Yatsa ɗaya wai. Taƙi guda zan ja shi baya."

Tuda ta dube shi, ta dubi Ittu. Ittu ta ce mata ta gaida babanta.

Teburin da Bihi ya zaɓa don aiki shi ne ɗan gajeren nan na shayi, na itacen goro, wanda Ittu ta zo da shi ranar aurenta. Ya kwantar da katakon, ya auna da taƙi, ya tofa yawu ya yi alama, ya yi bisimilla ya danna injin. Ba wanda ya gaya masa bakin injin Ma'allam Hammu yana da wuya da ke tsayar da shi in ya kai zurfin da ake so. Na Assu ba shi da wuya, tafiya kawai ya sani. Bihi ya ji abu ya shige da sauƙi, ya ce ka ji aikin ƙwararru. Ya ɗora maɗauri, ya ga kusoshin cikin jaka gajeru ne ba su yi masa ba, ya ɗauko doguwa ta ƙofa ya murɗa har ta ƙi motsi. Da ya ɗaga katakon don ya duba, teburin ya biyo shi da ƙafafunsa uku.

Ittu ta tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu.

"A Faransa da tebur ake zamiya?"

"Gwaji nake. Ina so in ga ƙarfin kusar."

"Ka gani. Yanzu sakar min teburina."

Ya toshe ramin ƙasan katakon da kyandir, ya koma ga gajerun kusoshi. Kafin la'asar ya gama ƙafa biyu, maɗauri can wajen wutsiya, gaban katako ya miƙe zaƙwai kamar mashi.

Saura gwaji. Bihi kuwa rabon da ya tsaya a kan katako tun kafin a haifi Tuda, kuma ko a lokacin a kan buhun leda ya fi ƙwarewa. Sai ya nufi wajen Assu, ya same shi yana juya tukunya.

"Suruki, ina neman mutum mai nauyi da kwarjini. Duk ƙauyen nan na duba, kai kaɗai ne."

"Me ya hana ka hawa da kanka, Dadda?"

"Likita yana shan maganin da ya haɗa? Ni sai na tsaya daga ƙasa in ga yadda yake tafiya."

Assu mutum ne mai jiki, mai saurin yarda, kuma yana ganin ya ci riba a musayar alfadara, don haka kunya ta kama shi. Ranar Litinin da hantsi ya bar wa matarsa tukunya, ya cusa ƙafa a takalmi, ya hau tudun. Masu alfadarai da masu sayar da zuma suka taru, domin a ranar aiki baƙi kaɗan ne, abin kallo ma kaɗan.

Ya taho. Da farko abin gwanin sha'awa, jallabiyarsa ta cika da iska. Da ya iso inda kowa ke karya kwana don kauce wa wurin ajiye motoci, ya karkata jiki. Katako bai san ana yi ba. Ya sake karkatawa, ya kira sunan Allah, katako ya ci gaba da harkarsa. Ya wuce Bihi, ya wuce masu zuma, ya ratsa tsakanin motoci biyu, ya shige rumfar mai tajin, naman nan da ake dafawa a tukunyar ƙasa, ta gaba ya fito ta baya da labule a ka. Tarin ƙanƙarar da aka kwashe daga hanya ne ya karɓe shi.

Aka zaro shi, da albasa a gemu.

"Ka ga gudu?" in ji Bihi yana duban jama'a. "Wa ya taɓa irin wannan gudun a dutsen nan?"

"Ba ya juyawa, Dadda," in ji Assu yana haki.

"Ka ja masa linzami?"

"Ina linzamin?"

"Matsalar ke nan, ba ka iya ba."

Mai tajin ya ce shi bai damu da wanda ya iya ba, a biya shi tukwane huɗu. Wata tsohuwa mai sayar da ganyen shayi ta ce in an sake gwajin a sanar da ita tun da wuri ta kwashe kayanta. Tuda na tsaye a ƙofar rumfarsu, ta matso a hankali ta ce, "Dadda Bihi, gaban ya yi masa tsawo, nauyinsa ba ya kaiwa can. Ka dawo da shi kan layi. Ramukan farko a cika su da gam, har yanzu katakon zai yi."

Da ta yi shiru da wataƙila ya dawo kan layin da kansa, ya ce shi ya gano. Amma tunda mace ta faɗa a gaban masu alfadarai, layin nan ya haramta gare shi har abada.

"Na gode, malama. Dama ina sane. Na fara ne da darasin baya don jama'a su gani. Alfadarin da ya ƙi juyawa, ina ake zama masa? A kafaɗa, kusa da kunne, inda zai ji magana."

Masu alfadarai suka gyaɗa kai, don wannan kam gaskiya ce a wajen alfadari.

Ya koma gida ya kwance maɗauran, ya tsallake layin da taƙi guda zuwa gaba. A wannan karon a ƙasa ya yi aikin, Ittu ta kai teburinta gidan maƙwabta. Ramuka biyu suka karkace, ya sake wasu a gefensu. Ɗaya ya haɗe da ɗan'uwansa suka zama rami guda mai faɗi, ya cusa masa tsinken ashana.

Assu ya ce shi ya tuba. Bihi ya tuna masa cewa Zina ba ta yarda da kowa, kuma akwai wata kalma da ake raɗa mata kafin ta tsallaka rafi, shi kaɗai ya san ta. Ranar Laraba Assu ya sake hawa.

A daren Talata ƙanƙara sabuwa ta zuba, mai laushi, har gwiwa. Assu ya taho a hankali yana salati. Wannan karon katakon ya ji magana, har ya wuce gona da iri: ya ɗan motsa kafaɗa, sai ga shi yana kallon inda ya fito. Ya motsa ɗayar, ya sake zagayowa. Wutsiyar katako doguwa tana shara a bayansa kamar tsintsiya. Sau uku yana juyawa kamar mai neman abin da ya yar, sannan guntun gaban ya nutse cikin ƙanƙara ya tsaya cak. Assu bai tsaya ba. Da jama'a suka iso, ƙafafu biyu kawai suka tarar a sama suna harbin iska.

"Yanzu ai yana juyawa," in ji Bihi.

Aka tono Assu. Ya kwance takalman, ya ajiye su a gaban Bihi, ya tafi da safa a kan ƙanƙara. Sai da ya yi nisa ya waiwayo.

"Kalmar rafin ma na gano ta. Ba kalma ba ce, sukari ne."

Daga ranar ƙauye ya rabu biyu. A gidan shayi masu alfadarai suka kasu, 'yan baya da 'yan gaba. 'Yan baya suka ce gudun Litinin ba ƙarya ba ne, laifin Assu ne da ya cika ciki da miya. 'Yan gaba suka ce dabbar da ba ta juyawa yanka ta ake yi. Aka kusa dambe a kan abin da ba ɗayansu da ya taɓa hawa. Bihi na zaune a tsakiya ana zuba masa shayi, yana ba kowane ɓangare gaskiya. A nan ne dabarar ta faɗo masa, ya ajiye kofi a hankali.

"Ƙafa nawa Allah ya ba mutum?"

Aka ce biyu.

"To me ya sa Bature ya ɗauka aikinsu ɗaya? Ta hagu a baya, don gudu. Ta dama a gaba, don juyi. In kana son sauri ka dogara da hagu, in kwana ta zo ka koma dama. Shekara ɗari suna wannan wasa ba wanda ya yi tunanin."

Wani dattijo ya ce lalle tafiya ƙasar waje tana buɗe kai.

Ranar Asabar ya mai da maɗaurin hagu ramukan farko. Kusoshi suka riƙa juyawa ba sa kamawa, don ruwa ya shiga ramukan ya jiƙa cikin katakon. Ya huda sababbi dab da su. Su ma suka ɓarke suka haɗe. Ya ƙarar da kwalin ashana guda, ya bi da ɗan tsumma, ya murɗa, ya girgiza, ya ce ko raƙumi ba zai tumɓuke wannan ba.

Ittu ta kawo masa burodi da man zaitun, ta zauna tana kallonsa.

"Wa zai hau gobe?"

"Zan samu wani."

"Ba za ka samu ba. Ma'allam Hammu cewa ya yi a bi al'adarku. Wanda ya ɗinka shi ke fara zama."

Bihi ya ajiye burodin. "Yaushe ya faɗi haka?"

"Lokacin da Bafaranshe ke sumbatar hannunka. Duk matan da ke bayan katanga sun ji, kai da ke gaba ne ba ka ji ba."

"Gwiwata tana ɗan min ciwo kwanan nan."

"Je ka gaya wa Tuda, ta karɓi makulli, mu huta. Ba wanda zai kashe ka. Akumarin da Si Lahsan ya kawo gyara na nan wata guda ba ka taɓa ba."

Ya dubi katakon, ya dubi matarsa. Ya hango kansa a ƙofar rumfa da makulli a wuya, baƙi na cewa Ma'allam Bihi. Ya ce gwiwar ta saki.

Lahadi ta zo da rana tas. Motocin Marrakesh suka cika hanya tun daga kwanar ƙasa, iyalai da tukwanensu da bargunansu, 'yan mata na ɗaukar hoto da waya. Aka fito wa Ma'allam Hammu da kujera a ƙofar rumfa, makullin na rataye a wuyansa da zaren ulu, dattawa na gefensa.

Tuda ta fara. Ba wani abin ba da labari: ta sauko tana lanƙwasa dama da hagu, ta tsaya a gaban ubanta, ta kwance takalma, ta miƙa masa katakon. Ya shafa da yatsa ya sami layin, ya sami tsakiyar maɗauri a kansa, ya ajiye.

"Abin yara," in ji Bihi. Ya ƙi hawa kujerar waya, wai iska na ɓata masa lissafi. Gaskiyar magana tsoronta yake ji. Ya saɓa katako ya hau da ƙafa, ya isa tudun tsakiya yana numfashi kamar zugazugi.

Da ya cusa takalma ya miƙe, abin da jama'a suka hango daga ƙasa ya isa kallo. Ƙafafunsa a jere suke, amma katakon hagu ya yi gaba kamar yana sauri, na dama ya ja baya kamar an tilasta shi. Wata mata 'yar birni ta tambayi Ittu ko wani sabon salo ne.

"Na Faransa ne, Lalla," in ji Ittu.

Bihi ya ɗaga sanda ya yi jawabi wanda iska ta kwashe, sannan ya tura.

Ya dogara da hagu, don gudu. Ya kuwa samu gudu. Ta dama dai ba a shawarce ta ba, ta kama hanyar kwana ita kaɗai. Ƙafafunsa suka fara rabuwa a hankali, kamar 'yan'uwan da suka gama rabon gado. Ya koma dama da sauri, sai duk jikinsa ya zagaya, ya ci gaba da saukowa da baya, yana fuskantar dutse, hular jallabiya ta rufe masa fuska. Mutanen birni suka fara tafi. Wani saurayi ya ce wallahi tsohon nan ƙwararre ne. 'Yan baya da 'yan gaba suka rungumi juna.

Bihi ya ji tafin. Ko a wannan halin sai da ya saki sanda ɗaya ya ɗaga musu hannu.

Nan ne ashana ta gaji. Aka ji ƙara kamar an fasa busasshen itace, maɗaurin hagu ya tumɓuke da kusoshinsa da tsummansa, yana manne da takalmi. Bihi ya tafi dama a kan ƙafa ɗaya, hannuwa na iyo, ya nufi inda ake ɗaure alfadarai. Dabbobin suka buɗa masa hanya. Ya zauna daɓas a tsakiyar tarin kashinsu na mako guda, wanda rana ta fara narkarwa, ya nutse har ƙugu.

Shi kuwa katakon hagu, da ya rabu da mai shi, sai ya miƙe sambal. Ya gangaro shi kaɗai, tsaf, ba karkata ba tangaɗi, ya rage gudu a fili, ya zo ya taɓa ƙafar kujerar Ma'allam Hammu ya tsaya.

"Wa ya iso?" in ji tsohon.

"Katakon ne, Baba," in ji Tuda. "Shi kaɗai."

"To shi ya ci rabin jarrabawar."

Ya ɗora shi a cinya yana bi da yatsa yana ƙirgawa a fili, jama'a na amsawa. Da ya kai ashirin da uku ya tsaya a wani wuri mai santsi, wanda ba rami ko ɗaya, faɗin tafin hannu. Ya kira liman ya ce ya duba masa mene ne a nan.

"Layin ne," in ji liman.

"Allah mai iko. Ko'ina ya huda, nan kaɗai ya bari."

Ya cire zaren daga wuyansa ya rataya wa 'yarsa. Dattawa suka shafa fatiha.

Aka je ciro Bihi. Ƙafarsa ta gurɗe, ba ta takuwa, amma bakin lafiya lau.

"Ku shaida, tunanin daidai ne. Katakon ne na jabu. A Faransa cikinsa ƙarfe ne."

"Haka ne, Dadda," in ji Assu, yana janye da Zina. "Hau mu kai ka gida."

Mutum huɗu suka ɗaga shi, kowa na kau da hanci. Sai gardama ta tashi, domin hanyar gidansa gangara ce. 'Yan baya suka ce a ja shi wajen wutsiya. 'Yan gaba suka ce akwai kwana biyu kafin gida, a matsa da shi kafaɗa. Assu ya ce a raba, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, tunda an ce haka ake yi yanzu. Suna ta jan sa gaba da baya a sama, Zina na waiwaye tana kaɗa kunne.

Ittu ta ratso taron da injin huda a hannu. Ta danƙa wa ƙaninta, ta karɓe igiyar alfadarar ba tare da ta tambaye shi ba. Sannan ta dafa akumarin, ta nuna wani ɗinki na jan zare da ya ratsa tsakiyarsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni," in ji Bihi daga sama, murya ƙasa-ƙasa.

"Na mene ne?"

"Nan kaya ke zama. In an kauce masa dabba na jin ciwo."

"In wani ya zo daga Faransa ya ce a ja baya taƙi guda fa?"

"Jaki ne."

"Kun ji daga bakin mai sana'a," in ji Ittu. "Ku ɗora shi a kan layin."